Inna Tasalla da Hatsin Ganuwa

Jama'a, ku ji wadda ta cece ni yau a kasuwar Bakori!

Hakimi ya aike ni in bayyana dalilin ciyar da masu gyaran ganuwa da hatsin zakka a wannan shekara ta yunwa. Ina buɗe baki aka taso mini. Wani manomi ya ce, "Malam Barau, ganuwar za mu tuƙa mu ci?"

Sai Inna Tasalla mai fura, wadda kullum take zagin hakimi, ta miƙe. Ta ce, "Bara mahara sun kwashe 'ya'yan ƙanwata, don ƙauyensu babu ganuwa. Nawa suna jin yunwa, amma suna ɗakina."

Na matsa in yi godiya, ta ce, "Ba don hakimi na faɗa ba. Gobe ya zo da kansa ya yi bayani."