Motata Ta Ƙi Yin Hayaƙi

Jama'a, yau motata ta kusa faɗuwa gwajin hayaƙi saboda ba ta hayaƙi!

Haibirid ce, mai batir da fetur. Gobe zan kai Mama garin Keana, ga takardun motar sun ƙare. Ma'aikacin wurin gwajin ya zura na'ura a salansa, ya ce, "Oga, kunna."

Na ce, "Ai a kunne take!"

In tana tsaye batir take ci, injin ya yi shiru. Ya ce ba inji, ba takarda.

Zafi ya ishe shi, ya shige motar ya ƙure AC. AC na jan batir, kawai injin ya tashi, buuu! Ya fito a guje ya auna. Ta ci!

Yana miƙo min takarda ya ce, "Duk mai irinta, ya zo da tsakar rana."