Motar Burodin Herminia Za Ta Daina Zuwa

Kun ga farar motar nan, kun kawar da kai. Duk watan Agusta kuna dawowa daga Madrid da Zaragoza don bikin waliyyin garinmu, ku yi rawa a dandali, ku ɗauki hoton kakanninku, ku koma. Motar burodi kuwa har tsaki kuke yi mata don ta tare muku hanya. Wa ya taɓa leƙawa ya ga wace ce a ciki?

Herminia Tobajas ce. Tun tana budurwa take wannan aiki, yau furfura ta rufe mata kai. Da sassafe take lodi a gidan burodin garinmu Peñarroble, ta kama hanyar tsauni zuwa Majadillas da Fuentelcuervo, da wasu ƙauyukan da mutanensu ba su isa cika tebur ɗaya ba. Makaranta ta rufe. Kanti ya rufe. Limamin coci ma sai an yi mutuwa. Ita kaɗai ce ba ta fasa ba.

A ƙauyukan nan, duk wanda ya tashi lafiya yakan rataye jakar yadi a ƙusar ƙofarsa, Herminia ta zo ta sa burodi. Kafin ta taka birki, idonta na kan ƙusa. Ranar da ƙanƙara ta toshe hanyar Majadillas, ta bar motar ta haura da ƙafa, buhu a kafaɗa. Babu jaka a ƙofar Iya Eulogia. Ta buga, shiru. Ta kutsa ta tagar ɗakin awaki, ta tarar da tsohuwar a ƙasa gaban murhu, ƙugu a karye, wuta ta mutu. Daga bakin makiyayin da ya taya ta ɗauko tsohuwar muka ji. Herminia ba ta taɓa tayar da maganar ba.

A Fuentelcuervo mutum ɗaya ya rage, Baba Saturio. Kullum sai ya karɓi burodi mai taurin ɓawo.

"Baba, da wane haƙorin za ka ci wannan?" in ji Herminia.

"Ke 'yar nan, ina ruwanki da bakina? Kajina ne ke ci."

"Shi ya sa suka fi ka ƙiba."

"Sun kuma fi ki ladabi. Kashe injin nan ki zauna."

Sai ta kashe, ta zauna a kan dakalin dutse, duk da akwai sauran tafiya. Rannan ya ce mata, yana kallon gidajen da rufinsu ya rufta, "Jiya ba ki zo ba, Lahadi ce. Sai da na yi wa kare faɗa, don in ji ko muryata na nan."

Herminia, ke ce madogarar mutanen hanyar tsauni. Ke kika kai wa wannan magani, kika karanta wa waccan saƙon ɗanta, kika tsaya a bakin kabarin da 'ya'yan mamacin suka ce aiki ya hana su. Mun gode. Godiyar ta makara, kuma kunyar tamu ce.

Yanzu idonta ya soma yana. Likita ya ce daga ƙarshen kaka ba ita ba tuƙi. Ta kai maganar majalisar gari, aka ce za a duba. Za a duba! Da wannan kalmar aka rufe makaranta. Har yau ta kasa faɗa wa Baba Saturio. Takan buɗe baki, shi kuma ya hau tsokanarta, sai ta haɗiye.

Hunturu na tafe, kuma ba wanda zai hau tsaunin nan. Kai da kake karanta wannan a birni, kana da mota, kana da lasisi, kana da kaka a can sama. Kada ka turo mana yabo ta waya. Ranar Asabar akwai taro a tsohuwar makaranta, za a raba kwanakin hanyar. Ka zo da ƙafarka, ka ɗaga hannu, ka ɗauki rana ɗaya.