Gwangwanin Lantana

Ranar wata Alhamis ce, cikin kakar shekarar da muke aji biyar a firamaren garinmu, Ruwan Godiya, Malam Garba ya shigo aji riƙe da tocilan da reza da maficin kaba, ya jera su bisa tebur. Ya ce kowane ɗayansu wani ne ya ga wahalar mutane ya zauna ya ƙago shi, wani kuma ya yi ta tallarsa har ya iso garinmu. Sai ya raba mu huɗu-huɗu, ya ba mu mako biyu. Kowace ƙungiya ta ƙago abin da zai rage wahala a gida ko a gona, ta raɗa mashi suna, ta tallata shi gaban aji. Wanda ya fi kowa basira, shi Malam zai tafi da shi Faskari, inda makarantu za su baje kolin nasu.

Ƙungiyarmu ni ce, da wasu tagwaye da ba abin da ke gabansu sai carafke, sai Lantana, ƙawata, wadda katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. Lantana tana da in'ina. In aka ce ta tashi ta yi karatu, kafin ta fitar da kalma ɗaya aji ya kwashe da dariya. Wata rana a bakin rijiya ta faɗa mani babanta ya ce tunda boko ya ƙi ta, daga wannan shekarar ta zauna gida ta kula da awaki, sai fa in Malam da bakinsa ya ce tana da kai. Na ji wannan da kunnena. Ba zan ce ban sani ba.

Lokacin masara ta cika kowane tsakar gida. Muna dawowa daga makaranta za a shimfiɗa tabarma a zube mana ita, mu yi ta murza da hannu har babban yatsa ya yi bororo, kaji na zagayenmu, Inna na mita wai muna barin ƙwaya jikin totuwa. Cikin wannan aikin Lantana ta samo gwangwanin madara, ta cire gindinsa, ta bi shi da ƙusa tana hudawa daga waje, haƙoran suka tsaya ta ciki. Ta naɗe shi da robar tayar keke don kada ya yanki hannu. Ka zura masara ka juya, sai ƙwaya ta zubo shaa. Kwana biyar ta yi tana ɓata gwangwanaye kafin ta dace. Ni iyakar aikina riƙe mata dutse da surutu.

Talla kuwa nan ne gidana, don tun ina ƙarama nake yawo da farantin dafaffiyar gyaɗa. Kuma a garinmu kaya sunan mai tallarsu suke ɗauka. Ba mai cewa gyaɗar Inna, sai gyaɗar Asabe, alhali ko wutar ban taɓa hurawa ba. To ranar da aka zo nunawa, na naɗe kwali kamar lasifikar masu magani a kasuwa, na buɗe murya: “Ina masu bororo? Ina tsofaffin da yatsa ya gaji? Ga Murzau ta Asabe ta iso, kwano guda kafin ki gama gulma!” Lantana na durƙushe gefena tana juya gwangwani, masara na zuba. Aji ya kaure da tafi, har hedimasta sai da ya leƙo.

Da hayaniya ta lafa, Malam ya ce, “To wa ya ƙago wannan?” Na ga Lantana ta ɗago kai, tana kokawa da kalmar. Kafin ta fito yara sun ɗauka: “Asabe! Asabe!” Malam ya dube ni. Kalma biyu kawai ake nema a bakin da bai taɓa gajiya ba. Sai na sunkuyar da kai, shi kuma ya ɗauka kunya ce, ya rubuta sunana. Ni ban taɓa shiga mota ba, wannan ne duk dalilina.

A Faskari aka ba ni jakar makaranta. Da muka dawo Malam ya tako har ƙofar gidanmu, ya yi ta yabona gaban Baba da murya sama, baban Lantana na zaune bisa dakalinsa yana ji. Zangon da ya biyo baya wurinta a benci babu kowa. Ba ta taɓa yi mani maganar ba, har suka tashi suka koma Sabuwa. Ni ɗin ma daga aji shida ban ƙara gaba ba, jakar kuwa irin kuɓewa Inna ta riƙa ajiyewa ciki.

Sai da na yi jikoki wani bikin suna ya kai ni Sabuwa, na yi tambaya har gidan Lantana. Na iske ta ta kwance keken ɗinkin wata maƙwabciya tana gyarawa. Na zauna na zazzage mata komai ina hawaye. Ta yi dariya ta ce, “A-ai ina wurin, Asabe. Na yafe tun tuni.” Ta ɗaura wani noti, sannan ta ce, “Baba ne dai ya rasu bai sani ba.”

Yanzu inji ke zuwa har gona ya cashe buhu goma kafin azahar, yara ba su san bororon masara ba, tsakar gida ma ya rage hira. Duk da haka bara na sa aka huda mani gwangwani, na nuna wa jikokina, na ce sunansa gwangwanin Lantana. Suka juya shi sau biyu suka ruga wasa. Na faɗi gaskiya, amma mai buƙatar jinta ya daɗe da tafiya.