Ranar da na kira malam mushe

In ka taɓa wucewa ta bayan wata lakwal, wato makarantar boko, a ƙasarmu Nijar da hantsi, ka san ƙarar nan ta yara suna ƙyasta yatsu, kowa ya miƙa hannu sama yana "Mushe! Mushe!" don malami ya zaɓe shi. Ni duk sanda na ji ta, ba ajinmu na garinmu Buza ke zo mini a rai ba. Wani aji nake tunawa a Sakkwato, da kawuna tsaye cikin farar babbar riga.

Na gama aji shida ban samu wucewa gaba ba, babana kuwa har ya ware mini hauyata. Sai kawu ya zo, ƙanen innata, wanda ya bi motocin albasa daga Madawa tun yana saurayi, ya zauna Sakkwato har ya yi kanti da mota. Ƙarshen damina ne, gero ya fid da kai, kwari duk ya yi kore. Ya ce a ba shi ni ya sa ni makarantar can. Kakana, mahaifinsu, shi ya shawo kan babana, ya dafa kaina ya yi mini addu'a.

Tun ba mu tsallake iyaka ba kawu ya fara yi mini huɗuba. Daga yau ni ɗansa ne, haifaffen can. Kada in ambaci Buza, kada in ce lakwal, kada in ce kaye, littafi zan ce. Wai mutanen can suna ɗaukar ƴan wajenmu waɗanda yunwa ta koro, masu gadi da ƴan ga-ruwa. Yana faɗi yana yamutsa hanci, sai ka ce ba furar gidan kakana ta yi masa wannan wuyan ba. Har harshensa ya kankare, yana wata Hausa ta mai karanta labarai a rediyo, alhali Sakkwatawan kansu maganarsu tamu ce.

Ran Litinin aka kai ni ajin yaran da na girme su, saboda ban san Ingilishi ko kalma guda ba. Na zauna kujerar baya, gwiwoyina na dukan tebur, ina kallon bakin malam yana motsi. Gajeren mutum ne mai agogon da ya fi hannunsa girma, bulala kullum a hammatarsa. Ya fi son jin muryarsa da ya san ko an gane shi. Talata ma haka ta wuce, ban ce uffan ba, kawu ya yaba mini.

Ran Laraba aka zo lissafi. Lamba dai lamba ce ko'ina. Malam ya rubuta rabawa a allo, aji ya yi tsit, ni kuwa na ga amsar tana kallona. Murna ta sa na manta huɗubar kawu gaba ɗaya. Na miƙe hannu, na ƙyasta yatsu yadda na saba, na ce "Mushe! Mushe!"

A wajenmu girmamawa ce, kalmar Faransanci ce da bakinmu ya lanƙwasa. A wajensu mushe ma'ana ɗaya gare shi: mataccen jaki a bakin hanya. Aji ya fashe da dariya. Malam bai tambaye ni komai ba. Ya zane ni har bulalar ta tsage, ya sa na durƙusa a rana kan tsakuwa, ya ce gobe in zo da ubana ko kada in sake dawowa.

Kawu ya zo ran Alhamis, ya sha turare, makullin mota a yatsa. Hedimasta dattijo ne mai sanyin magana, ya ga duniya fiye da malamin nan. Ya dube ni, ya dubi yadda nake ratsa lambar bakwai da layi a littafina irin na ƴan lakwal, sannan ya tambayi kawu a hankali ko yaron nan daga Nijar ya fito, don ya ji haka suke kiran malamansu. Ya ce in haka ne ai ba laifi aka yi ba.

Kalma ɗaya ta isa. Na ɗaga kai ina jiran ta.

"Wace Nijar, ranka ya daɗe?" in ji kawu. "Yaron nan bai taɓa ganin iyaka ba. Rashin kunya ce kawai." Ya juyo ya wanke ni da mari, don shaida.

Ban daɗe da fushi da malamin ba, jahili ne da aka ba alli. Amma kawu ya yi shekaru a lakwal ɗin Buza, ya ce mushe fiye da yadda ni na taɓa cewa. Yana tsaye cikin rigarsa mai aiki, sai na ga duk girmansa bai wuce rigar ba. Hedimasta ya daɗe yana kallonsa, ya ce a bar maganar. Ran Jumma'a aka sa na ba da haƙuri a gaban dukan makaranta, kuma daga ranar har na gama can, sunana Mushe.

Wani direban albasa ɗan Madawa, mai kawo mini saƙon inna, ya ji yaran unguwa na kirana haka. Ya tambaye ni, na faɗa masa. Labari ya riga mu isa gida.

Da Babbar Salla muka tafi cikin motar kawu, yana ta danna oda tun daga bakin gari. Kakana na zaune a zaure da dattawa. Ya rungume ni, ya shafa kumatuna. Da kawu ya durƙusa, sai tsohon ya sa a kawo wa baƙo ruwa, ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi daga wane gari aka fito.

"Baba, ni na, ɗanka."

"A'a," in ji kakana. "Ɗana ya san abin da ake ce ma mushe, ni da kaina nik kai shi lakwal. Kai ko an ce ba ka taɓa ganin iyaka ba. Sannu da hanya."

A ɗakin baƙi aka sauke shi. Sallar nan duka, a kwanon baƙi aka kai masa nama, innata ma ba ta sa baki ba.

Yanzu yaran garinmu suna tafiya karatu ƙasashen da ban san sunansu ba, wayoyi a hannu, suna nuna wa duniya dutsen garinsu ba kunya. Kawu ya dawo tun da kantinsa ya mutu. Yana nan ƙofar gidan kakana ya tsufa, ba mai ba da labarin ƙasarmu ta Adar ta dā kamarsa, Faransanci na zuba daga bakinsa. Ina gaishe shi kowace safiya, don ƙanen innata ne. Daga tsaye nake gaishe shi.