Rigar Baftismar Auta

Yayata tela ce da ba ta taɓa ɗinka riga ba. Idan na faɗi haka sai a ɗauka zolaya ce, don an san bakina, amma gaskiya ce tsagwaronta. Tun kafin ta yaye 'yarta ta fara aiki a kamfanin ɗinki na bayan tashar mota, kuma wuyan riga kawai take ɗinkawa. Ta gabanta ta miƙo mata, ta kafa wuya, ta tura wa mai sa hannun riga, wata ta sa maɓalli, wata ta goge. Cikakkiyar rigar ba ta ganinta, sai dai a kwali, an liƙe za a kai wa masu saye a ƙasashen da ba ta san sunansu ba.

Ni kitso nake yi, a zaune nake wuni ina shan labarin duniya. Ita kuwa aikin ya hana ta sanin zama. A kamfanin, kowane layi ɗan katako guda gare shi na zuwa bayan gida, rataye a ƙusa. In wata ta ɗauka, sai ki matse. Matan suka koyi ƙin shan ruwa da safe. In allura ta soki yatsa jini ya ɗiga a farin yadi, sai ki tofa yawu ki murza da sauri kafin mai duba aiki ta iso. Ko a gida a tsaye Yaya ke cin abinci, tana leƙen taga kamar mai jiran baƙo. Mijinta ya rasu yarinyar na rarrafe, don haka keken ɗinkin kamfanin nan shi ne ci, shi ne haya, shi ne makaranta. Yarinyar ita kaɗai ce, amma Auta muke ce mata, tunda ita ce ta fari ita ce ta ƙarshe.

Mai kamfanin dattijo ne a cocinmu. Ba zan ce mugu ne ba. Shi ya sake mana rufi, shi ke karanta sanarwa, kuma yana gaida kowa har da tambayar yara. Kawai dai in aikin gaggawa ya shigo, yakan sa a kulle ƙofa ta waje sai an gama.

Wata Lahadi aka kulle su a kan wasu dogayen fararen riguna. Mai guga ta layinsu tana da tsohon ciki, tun safe tana tsaye cikin tururi. Da rana ta fara riƙe baya. Aka buga ƙofa, aka yi ihu, maigadi ya ce ta taga mai maƙulli ya tafi sujada. Suka kwantar da ita a kan tarin ƙyallaye, Yaya na riƙe da kanta. Kafin a buɗe, abin da zai faru ya faru. Mai guga ta rayu, jaririn bai rayu ba. Rigunan kuma masu saye suka dawo da su, wai farin bai yi musu ba.

Yaya ba ta gaya wa kowa ba sai ni. Washegari ta koma aiki, me za ta yi?

Ana nan sai Auta, da ta zama budurwa, ta shiga ajin baftisma. Da lokaci ya matso, Dattijo ya tashi a coci ya ce kada iyaye su wahala, ya ba kowane ɗan aji farar riga kyauta. Aka yi tafi, har da ni, na fi kowa ma. Auta ta kawo tata gida tana rawar ƙafa. Yaya ta karɓa, ta juya wuyan, ta ga ɗinkin hannunta.

Daga ranar ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta zo rumfata ta fi a ƙirga, ta shigo ta fita, ta ɗauki mataji ta ajiye, har wadda nake wa kitso ta tambaye ni ko lafiya.

"Ba za ta shiga ruwa da wannan rigar ba," in ji ta, bayan matar ta tafi.

"Haba Yaya, riga ce fa. Yadi ya yi miki laifi? Ki ƙi kyautar mutumin nan a idon jama'a, Litinin wa zai ba ki keke?"

"Na sani."

"To ki rufe ido mana. Jiƙewa za ta yi a cire."

"Ranar da za a ce 'yata ta zama sabuwa cikin Yesu, in sa mata wannan? Ni fa na riƙe kan matar nan. Ina jin warin tururin har yanzu."

Ta je wurin Fasto. Ya saurare ta, ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce a bari a wuce baftisma, zai sami Dattijo su yi magana a tsanake. Ta dawo tana cewa ta gode, ƙafarta ba ta tsaya ba sai shagon yadi.

Ta aro keken maƙwabciya. A nan fa aka yi ta, don Yaya ba ta taɓa riƙe almakashi ta yanka riga ba. Ta shimfiɗa yadi a tsakar ɗaki, ta kwantar da Auta a kai ta zagaye ta da alli. Kullum ta taso aiki sai ta ɗinka, ta farke, ta sake. Da aka gama na yi dariya har da hawaye, Allah ya yafe mini. Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kafaɗa ta karkace, gindin rigar gaba ya ɗage baya ya ja ƙasa. Wuyan kuwa, ko amarya albarka.

Auta ta gwada, ta dubi madubi, ta fashe da kuka. "Mama, so kike a yi mini dariya? Kowa iri ɗaya, ni kaɗai kamar buhu?"

Sai Yaya ta zaunar da ita ta gaya mata komai, tun daga bugun ƙofa. Sannan ta rataye rigunan biyu a bayan ƙyaure. "Ke za a yi wa baftisma, ba ni ba. Wadda kika sa, zan riƙe miki tawul."

Ranar baftismar, muka taru a bayan coci inda aka gina wurin ruwan. 'Yan aji suka fito a jere, fari fat, kamar an buga su a inji ɗaya. Auta ce ta ƙarshe, tana riƙe da dogon hannun don kada ya rufe mata yatsu. Yara suka fara ƙyalƙyala. Ni kuwa na ji ina son yarinyar nan fiye da kullum.

Matar Dattijo ta matso, da zuciya ɗaya take tambaya. "Af, ita ba a ba ta tata ba ne?"

Na buɗe baki zan ce ta yi mata kaɗan. Ƙaryar ma na riga na gyara ta. Yaya ta riga ni.

"An ba ta, Mama. Ni na ɗinka wuyansu, ranar Lahadi, ƙofa a kulle. Ranar ce mai guga ta rasa ɗanta."

Ba ta ɗaga murya ba, amma na kusa sun ji, Dattijo ma ya ji. Ya cire tabarau ya yi ta gogewa. Fasto ya yi sauri ya ɗauko waƙa. Aka nutsa Auta cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ta fito tana haki, rigar ta manne mata a karkace, uwarta ta lulluɓe ta da tawul.

Litinin da Yaya ta je aiki, ba wanda ya yi mata tsawa. Maigadi ne ya ƙi haɗa ido da ita, ya ce an ce ta je ta huta tukuna. Ta taga ta hango wata yarinya a kan kekenta. Har yau hutun bai ƙare ba. An ce yanzu ba a kulle ƙofa ranar Lahadi. Sauran ranakun ban sani ba. A coci wasu na gaishe ta da hannu biyu, wasu na canza benci. Ita da Auta sun tashi daga ɗaki biyu sun koma ɗaya, kuma tana yawo gida gida da ƙaramin keke a ka, tana facin abin da ya yage.

Rannan na kama ta da ƙyar na zaunar da ita zan yi mata kitso. Na ce, "Yaya, tsakaninki da Allah, kin yi nadama?"

"Kullum da safe, in na ji motar ma'aikata ta wuce."

"To da za a maimaita fa?"

Na ci gaba da kitso har na kai rabin layi.

"Ki ja gashin a hankali," ta ce. "Da za a maimaita, da na fi jin tsoro, don yanzu na san abin da ke biyo baya. Ki yi mini addu'a kawai kada yunwa ta sa wata rana in je in ba Dattijo haƙuri."