Koren Dankalin da Na Ciyar da Surukina

Ko tsufa ya kwashe min komai, akwai ranar da ba za ta fita daga kaina ba. A Agege ne, can Ikko, shekarun da naira ta shigo sabuwa. Lokacin ina dillancin kayan miya, kuma na sha faɗa a kasuwa cewa ko an ɗaure min ido, in na sansana tumatir zan gaya maka garinsa, har da sunan mai gonar. Attaruhu, tattasai, gauta, yalo, duk 'ya'yana ne.

Sai ga surukina ya sauka daga Kano ba sanarwa. An kai masa labarin cewa a Ikko garin rogo kawai ake sha, ga 'yarsa da ciki. Ya ce kwana uku zai yi, in bai ga tana cin abincin kirki ba, da ita zai hau jirgi.

Na ce lallai in nuna wa tsohon nan abin da bai taɓa ci ba. A tashar jirgin ƙasa na tarar da buhun dankalin turawa daga Jos, ya fashe, ya daɗe a rana har ya yi kore shar, ya fara tsiro. Na cika kwando na kinkimo shi gida.

Iya, Bayarabiyar da muke haya gida ɗaya, ta leƙa kwandon ta girgiza kai.

"Oga Malam, wannan ba kyau. Zubar."

"Iya, ke da doya kika saba. Kore alamar sabon haƙa ce."

Mai ɗakina ta dafa, da bawonsa kamar yadda na umarta, don na ce haka Turawa ke ci. Ta ɗanɗana ta tofar.

"Malam, akwai ɗaci, har maƙogwaro yake ƙaiƙayi."

"Gauta ma ɗaci gare ta, wa ta kashe?"

Ta ce ita dai tuwo za ta ci. Allah ya yi mata albarka da wannan taurin kai.

Aka kai wa Baba kwanonsa ɗaki da azahar, ni na ci nawa a tsakar gida, tunda mutum ba ya cin abinci gaban suruki. Tsoho mai kara, ya cinye tas don kada ya ba ni kunya.

Kafin magariba cikina ya fara kiɗa kamar injin nika. Gidan namu ɗaki goma sha biyu ne, bayi ɗaya. Na zaro buta na ruga, sai na yi kiciɓis da Baba a bakin ƙofar, shi ma da buta, yana gumi. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba! Na durƙusa na ce, "Baba, bisimilla." Ya shige da sauri. Haka muka yi ta karɓa-karɓa. Ni dai na ƙirga sau arba'in, mai ɗakina ta ce bakwai ne.

Iya ce ta kira malamin asibitin da ke layinmu. Ya juya dankali ɗaya a hannu, ya ce min shi da tumatir da gauta da taba da zaƙami duk 'yan gida ɗaya ne. In rana ta dake shi ya yi kore, dafi ya tara, kuma dafuwa ba ta kashe shi. Ya ce da mai cikin ta ci, da magana ta yi tsawo. Tun daga ranar na koyi cewa sanin 'yan gida huɗu ba ya sa ka san na biyar, kuma in mace ta ce abinci da ɗaci, to da ɗaci.

Rana ta uku na raka Baba tasha, ina jiran hukunci. Sai da ya sa ƙafa a jirgi ya juyo.

"Na bar maka ita. Ba don ka iya ciyar da ita ba. In na tafi da ita, ban ga wanda zai hana ka kashe kanka ba."