Rinar da aka sa wa sunan Gerlinde

A ƙauyenmu na yankin Pfalz, mace takan shigo gidan miji da 'yan layukan inabi daga gonar ubanta. Gerlinde daga gabas ta zo, da akwati ɗaya. Ottmar Riebel ya aure ta a haka, kuma bai taɓa barin ta ta manta ba.

Gonata na makwabtaka da tasu. Shingen ƙaya ne ya raba mu, irin mai baƙaƙen 'ya'yan nan da ake dafawa da sukari. Ottmar manomi ne, amma ransa na kan ƙwari. Akwai ɗan-tsalle, koren ƙwaro mai tsotsar ganyen inabi har bakin ganyen ya ƙone. Akwai kuma wata rina da ba ta kai ƙwayar gishiri ba, wadda ke saka ƙwanta a cikin ƙwan ɗan-tsalle, 'yarta ta cinye shi daga ciki. Ita Ottmar yake bi. Da hunturu rinar kan fake a shingen nan, da bazara ta dawo gona.

Kama ta ba wuya. Gane irinta ne aiki, don sai an shimfiɗa fiffikenta a kan gilashi, an duba jerin gashinsa a madubin ƙara girma. Hannun Ottmar na noma ne, duk wadda ya taɓa sai ta dagargaje. Gerlinde ce ke shimfiɗawa. Takan tsige gashin idonta guda, ta manna a tsinke, da shi take buɗe fiffiken a cikin ɗigon ƙaro. Na sha ganinta ta taga, a sunkuye, ba ta ko numfashin kirki. Haka ta yi tun tana da baƙin gashi har ya yi fari, har ganinta ya soma dushewa.

Ita ce ta fara lura cewa wata daga shingenmu gashin fiffikenta ya saɓa da na sauran. Ottmar ya aika wa masana, aka daɗe, sannan suka amsa cewa ba a taɓa sanin wannan ba. A al'adarsu, wanda ya gano shi ke raɗa suna, kuma Ottmar suka ɗauka ya gano. Gerlinde ba ta roƙi komai ba. Amma matata ta ce Gerlinde ta tambaye ta, cikin jin kunya, yadda sunan mutum kan kasance idan aka mai da shi Latin, harshen da masana ke raɗa irin wannan suna da shi.

Aka buga sunan a mujallar masana da kaka, daidai lokacin sabuwar giya. Sunan Gerlinde ne. Ta saka rigarta shuɗiya, ta gasa burodin albasa faranti biyu, ta kawo farfajiyar coci inda muke taruwa. Mai gidan burodi ya tsokani Ottmar, ya ce ashe tsohon bushiya ya iya soyayya. Ottmar ya miƙe da kofi a hannu. Bai bugu ba, na duba.

“Ba soyayya ba ce, dacewa ce,” in ji shi. “Abu ne da ke zuwa hannu wofi, ya shiga gidan wani, ya zauna yana ci daga ciki. Wane suna kuke so in sa masa? Ko ba haka ba, tsohuwa?”

Aka yi dariya, mai yawa kuwa. Gerlinde ta ci gaba da yanka burodin, yanka daidai wa daida, ta miƙa wa kowa nasa.

Daga ranar ta zama Uwar Rina. A kanti mata kan ce a ɓoye ƙwai, ga ta nan tafe. Ta je birni da kanta wurin wata masaniya, ta nemi a cire sunan. Matar ta ba ta kofi, ta yi mata bayani a hankali cewa sunan da aka buga ba ya ciruwa, ko mai shi ya ƙi, ko ya mutu.

Da hunturu ya yi tsakiya, lokacin da doka ta yarda a sare shinge, Ottmar ya kwanta asibiti don aikin ƙugu. Gerlinde ta fito da almakashin inabi. Ba ta gani sosai, da lalube take kama reshen shingen, ƙaya na yagar hannun nan da bai taɓa yaga fiffike ba. Ta tara, ta ƙona da rana tsaka. Na tsaya daga gefena na ce, “Makwabciya, shingen kuwa zai bar ki da hannu?”

“An gama da hannun ai,” ta ce.

Da bazara ɗan-tsalle ya yi yadda ya so, a gonarsu da tawa. Ottmar ya yi ta yawo da sanda yana rataya tarkon ƙaro. Ya kama rina iri-iri, amma babu mai shimfiɗa masa fiffike. Ya zuba su a kwalba ya ajiye gabanta, ya ce ta duba ko mai sunanta tana ciki. Ta ɗaga kwalbar wajen taga, ta daɗe, sannan ta ce ba ta ganin komai.

Har ya rasu bai san ko rinar ta tsira ba. Ita Gerlinde tana nan, a gidan tsofaffi da ke bayan tashar jirgi. A ƙofar ɗakinta sunan gidan ubanta kaɗai ta yarda a rubuta.